Golf a kan rairayi: abin da na gani a Yamai

Shekaranjiya na dawo daga Yamai, har yanzu jar ƙasar filin nan ba ta gama fita daga takalmina ba. Bikin ɗan aminina ne ya kai ni, amma tunda na daɗe ina buga golf (wasan buga ƙwallo da sanda har ta shiga rami) a Kano, sai na tafi da jakar sandunana.

Jakar ce ta jawo mini magana a wani shinge bayan Maraɗi. Jami'in ya sa aka sauko da ita, ya zazzage sanduna 14 a ƙasa, wai makamai ne. Na fara bayani, ya ce in rufe masa baki. Yaron da na haife shi! Sai da direba ya sa baki aka sake mu. Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso cikin ɓacin rai na wuce su.

Aminin nawa Ba'adare ne, mutumin Tawa. Bai san komai a golf ba, amma ana gama biki ya rufe shagonsa ya kai ni filin Rio Bravo, a hanyar Tilaberi, kusa da kogin Kwara. Ba ciyawa, sai rairayi da tsakuwa da ƙaya. Ɗan wasa yana yawo da guntuwar tabarmar roba, duk inda ƙwallo ta faɗi ya ɗora ta a kai ya buga. Gefen rami kuma yashi ne da aka cakuɗa da mai, ana shafe shi kafin a gangara ƙwallo. Mu da muke gunaguni in ciyawa ta bushe da rani, ya kamata mu zo mu gani.

Yaron da ya ɗaukar mini jaka bai wuce shekara 15 ba. A rami na 4 na miƙa masa sanda, na ce ya gwada. Wallahi ƙwallon ta tafi ɗoɗar, ta wuce tawa nesa, da silifa a ƙafarsa. Ya ce, "Baba, da gaske mutum shina iya cin abinci da wasan ga?"

Na ba shi labarin Seve Ballesteros na Sifaniya. Shi ma ɗaukar jaka ya fara da ita a ƙauyensu Pedreña, ya koyi bugu a yashin bakin teku da sanda guda, mai lamba 3. Ya zama ƙwararre a 1974 yana shekara 16, ya ci gasar Open ta Birtaniya a 1979 da 1984 da 1988, ya ci Masters ta Amurka a 1980 da 1983, ya rasu a 2011. Amma ban ɓoye masa wahalar ba. Gasa kwana 4 ce, rami 72. Bayan kwana 2 ana sallamar kusan rabin 'yan wasa, yawanci ba ko sisi, alhali jirgi da masauki da ladan mai ɗaukar jaka duk daga aljihunsu ne. Seve ya tashi cikin yayye masu sana'ar, ga gasa a kusa da gida. Wannan yaro wa zai biya masa ko kuɗin mota? Masu hali, na Kano da na Yamai, sun fi son a kira sunansu a wajen biki da su tsaya wa irinsa, abin yana ci mini rai. Na bar masa sanduna 2 da ƙwallo 6.

Kilishin Yamai ya fi namu, ba gardama, amma tsada! Mai kilishi ya ce jika 10, wato sefa dubu 10, aminina ya juya harshe zuwa Zabarmanci, aka tsaya a 7, kuma ya hana ni biya. Tasinsu ta haɗaka ce, direbobin kuwa sun fi namu haƙuri.

Da asuba na kamo hanya, na kwana Maraɗi. A shingen nan wani jami'in na tarar, ko kallon jakar bai yi ba.