Wasiƙa daga Lesta zuwa ga iyayen yara a Zazzau

Assalamu alaikum 'yan'uwana Zazzagawa. Ina gaishe ku daga Lesta a Ingila, da fatan kowa da iyalinsa suna lafiya.

Ƙanwata da ke aure a Tudun Wada ce ta kira ni makon jiya hankalinta a tashe. Ɗanta zai zauna JAMB, an sa shi a wani darasi na intanet, maƙwabta kuma sun ce in ba ta saya masa kwamfuta ba, to ta cuce shi. Amsar da na ba ta ita ce na ga ya dace in faɗaɗa muku.

Ran 20 ga Maris 2020 aka rufe makarantun Ingila saboda korona, karatu ya dawo gida. Wuta ba ta ɗaukewa a nan, intanet kuma tamkar ruwan famfo. Duk da haka babban ɗana ya shafe kusan wata guda yana yi mini wasa da hankali: malama na ta bayani a gefe guda na fuskar kwamfuta, gogan naku yana kallon ƙwallo a ɗaya gefen. Ni kuwa in na leƙa ɗaki na gan shi shiru sai in sa masa albarka! Sai da makaranta ta aiko cewa ko aiki ɗaya bai miƙa ba na farga. Ban yi faɗa sosai ba. Na dai kinkimo kwamfutar na dire ta a kicin, inda nake yanka albasa ina hango abin da yake yi.

Daga baya na tuna ai mun san wannan tun muna yara. A zaurukan malamai na cikin birni, ɗalibi ba ya tashi sai ya biya karatunsa an ji. To, haka za ku yi. In yaro ya ajiye waya, a ce masa, "Zo ka biya mini abin da aka koya maka yau, da Hausa." Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba ma za ta gane wanda ya fahimta da wanda yake kame-kame. Kuma a tsayar da lokaci, misali bayan La'asar ko bayan an taso daga Islamiyya, kowa a gidan ya san ba a aiken yaro a wannan sa'ar.

A nan zan ɗan taɓo mu iyaye mata. Sau nawa ake miƙa wa namiji waya, a ce wa yayarsa ta gama wanke-wanke tukuna? Kafin ta gama, caji ya ƙare, data ta ƙone. A raba musu lokaci daidai.

Na san zancen wuta da kuɗin data ba wasa ba ne. In an kawo wuta, a sauke darasin a waya don a kalla daga baya ba tare da intanet ba. Akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe tare da UNICEF a 2022, darussan firamare da sakandare ne kyauta. Ga ƙananan yara masu amfani da Android, manhajar Family Link tana ba uba damar ƙayyade awanni da toshe abin da bai dace ba.

Batun JAMB kuwa, tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Yaron da ya saba da shafa waya kawai yakan daburce in ya ga linzamin kwamfuta da maɓallai. Ba sai an sayi kwamfuta ba; 'yan awanni a kafe, wato shagon intanet, a Samaru ko PZ sun isa hannunsa ya faɗa.

Abin da na ce wa ƙanwata ke nan: ta riƙe kuɗinta, ta kai shi kafe duk Asabar, sauran ranaku ya yi karatu da wayarta a tsakar gida, ba a ɗaki ba. Ta ce za ta gwada.

A gaida mutanen Ƙofar Doka. Duk mai tahowa nan, don Allah ya riƙo mini daddawa da kuka.

'Yar'uwarku a Lesta.