Yadda na haɗa ajandata da na fito indifenda a mazaɓar karkara

Tunda aka gama zaɓe samari suke ta kirana a waya wai in faɗa musu ya akai na tsara manufofina, musamman waɗanda suma ransu ke raya musu wata rana su fito ba jam'iyya, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya ɗauka. Kafin 'yan uwa na Najeriya su ce tatsuniya nake, eh na sani, a can sashe na 65 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai jam'iyya ta tsayar da kai kafin ka nemi majalisar tarayya, amma a inda nake doka ta bar mutum ya fito shi kaɗai, kamar yadda ake yi a Ghana da Kenya da Uganda da sauransu. Ni asalina malamin gona ne, shekara da shekaru ina yawon ƙauyukan mazaɓar nan a babur, wannan ne kawai jarin da na shiga da shi.

Ɗan jam'iyya shi baya wahala, daga hedikwata ake aiko masa da littafin manufofi, ko bai taɓa buɗewa ba tuta da waƙa zasu yi magana a madadinsa. Kai indifenda baka da tuta, baka da uban gida a babban birni, abin da ka ce zaka yi shi kaɗai mutane zasu riƙe ka da shi, shi yasa dole ya zama gajere wanda tsohuwa zata iya maimaitawa kishiyarta ba tare da ta duba takarda ba. Abokaina 'yan boko, Allah ya saka musu da alheri, sun kawo min wata takarda mai kauri har da jami'a da masana'anta da filin wasa da tallafin matasa da ban san me ba, na karɓa na yi godiya na ajiye a durowa, don duk wanda ya karanta ta zai gane cewa wanda ya rubuta bai taɓa maƙalewa a laka da mai naƙuda a bayan mota ba.

Dabarar da muka bi aro muka yi daga wata mazaɓar karkara a Ostareliya mai suna Indi, a jihar Victoria, inda a 2013 mutanen gari suka riƙa zama 'yan ƙalilan a gidajen juna suna tattauna abin da ke damunsu ana rubutawa, daga cikin wannan zaman Cathy McGowan ta fito indifenda ta kayar da mai ci da ratar ƙuri'a 439 kacal, kuma da ta sauka a 2019 wata indifendar, Helen Haines, ita ta gaje ta. Mu ma haka muka yi, ba lasifika ba rumfa ba kujerun haya, mutum kamar goma, kuma ni bana jawabi, tambaya nake in yi shiru: me ya fi cinye muku kuɗi da lokaci a shekarar nan, wa kuka kai wa kuka, me ya ce muku. Zaman mata daban muke yi kuma mace ce ke riƙe biro, don in ka haɗa su da maza a wuri ɗaya wallahi rabin maganar baza ka ji ta ba.

Maza taki suke fara cewa, mata ruwa da haihuwa, samari sabis ɗin waya da aikin yi. Amma in ka bi kowace magana ka tona ƙasanta sai ka tarar da hanya a kwance. Takin ya yi tsada saboda mai mota na ƙara kuɗi in zai shigo, amfanin gona dillali ke sa masa farashin da ya ga dama don ya san baka da yadda zaka fitar, malamin makaranta baya zuwa da damina, ungozoma ta nemi canjin wurin aiki. Bankin Duniya yana da wani ma'auni da yake duba mutum nawa ne a karkara ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da ake iya bi rani da damina, muka ɗauki taswira muka gwada da ƙauyukanmu, sai ga shi yawancin da suka faɗi jarrabawar nan ba don rashin kwalta bane, wani wurin kwalbati ɗaya ce ta rufta, wani wurin ƙaramar gada ce ruwa ya cinye gefenta. Don haka kalmar kwalta ko sau ɗaya bata fito a takardata ba. Na jera mashigun ruwan da ke yanke mutane da sunayensu, na ce waɗannan nake bi, da gireda duk bayan damina. Wani dattijo ya ce min, "Malam, kowa kwalta yake mana alkawari kai kuma kwalbati?" na ce Baba, nawa daga cikin kwaltar kuka taka, ya yi dariya ya ce ci gaba.

Inda muka fi daɗewa muna gardama da 'yan kwamitina shi ne a kan me ɗan majalisa ke iya yi da hannunsa. Mutane sun ɗauka ɗan majalisa gwamna ne ƙarami, alhali aikinsa doka da kasafin kuɗi da sa ido a kan ma'aikatu, baya ɗaukar malami aiki, baya ba da kwangila. Wasu ƙasashen sun ware wa mazaɓu asusu, misali Kenya ta kafa nata a 2003 da kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati, kuma ko shi a 2022 kotun ƙoli ta can ta ce dokar asusun ta 2013 ta saɓa wa tsarin mulki, don ta cusa 'yan majalisa cikin aikin da na ɓangaren zartarwa ne. To ni sai na raba alkawurana a fili, ga wanda zan yi da kuɗin mazaɓa da na ofis kuma in ban yi ba ku kama ni, ga wanda sai dai in matsa wa ma'aikata lamba da wasiƙa da tambaya a zauren majalisa da zaman kwamiti, ga kuma wanda ba hurumina bane sam. 'Yan kamfen ɗina sun so su cinye ni ɗanye a kan wannan na ƙarshen, wai wane ɗan takara ne zai hau mumbari ya ce abu kaza bana iyawa, amma abin mamaki shi aka fi maimaitawa a majalisun hira, har ana tsokanar sauran 'yan takara da shi.

Ruwa kuma mun tsaya a kan gyara. Kowane ɗan siyasa na son haƙa sabuwar rijiyar burtsatse don akwai allo akwai hoto akwai yanka kintinkiri, gyaran tsohon famfon tuƙa-tuƙa ba wanda ke ɗaukar hotonsa, gashi kuma sau tari abin da ya kashe famfon ɗan roba ne ko sanda ta karye ko sarƙa, abin da makaniki zai gama kafin azahar in da akwai kayan a kusa. Muka sa samari suka bi ƙauye-ƙauye da waya suna ɗaukar kowane famfo, yana aiki ko baya yi, tun yaushe, me ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce ba a ƙirga gida cikin masu ruwan sha na matakin farko sai in zuwa da layi da dawowa basu wuce minti 30 ba, da wannan muka auna, kuma alkawarin da na yi shi ne makaniki horarre a kowace gunduma da shago ɗaya da za a riƙa samun kayan gyara, sabuwar rijiya sai inda babu ko matacciya.

Maganar haihuwa ita ce ta fi taɓa ni gaskiya. Masana lafiya suna cewa jinkiri uku ke kashe mace a wajen haihuwa, jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa, kuma na ukun ne matan suka fi yi mana kuka, ki sha wahala ki isa cikin dare ki tarar da kwaɗo a ƙofa. Ungozomar ba muguwa bace, ba ta da ɗakin kwana a wurin, ba wuta, ba ruwa, wa zai bar 'yarsa ta kwana a haka. Allurar da ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa, oksitosin, tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta daɗe a zafi ƙarfinta raguwa yake, to ina amfanin sabon fenti a asibitin da ba firiji. Sai muka rubuta ɗakin ungozoma, sola, firiji, a asibitocin sha-ka-tafi da suka fi nisa tukunna. Shugabannin Afirka tun 2001 a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 na kasafi, a 2003 a Maputo suka ce noma kashi 10, na ce duk shekara zan miƙe in tambayi minista ina aka kwana, ko ba a amsa ba dai ya shiga rikodin majalisa.

Noma, fannina, nan ne na ɓata wa mutane rai don na ƙi yin alkawarin rabon taki. Na ga yadda rabon nan ke ƙarewa, jerin suna a hannun wane, buhu ya koma kasuwa, wanda ya samu ma sai bayan shuka ta wuce. Abin da na sa shi ne a dawo da malaman gona ƙauye da babur da mai, da rumbun ajiya na ƙungiya don kar kowa ya sayar a makon da farashi ya fi faɗuwa. Makaranta da sabis ɗin waya na sa su a layin matsa lamba, ban ja su da tsawo ba. Babura da keken ɗinki da kuɗin biki kuwa na ce ba ni, ko ina so ma aljihun ba zai ɗauka ba, kuma na san wannan ya ci min ƙuri'u ba kaɗan ba.

Tambayar da ba zaman da ba a yi min ita ba: "Ranka ya daɗe, ko ka ci kai kaɗai ne a can, hannu ɗaya ai baya ɗaukar jinka." Suna da gaskiya fa. Nakan ba su labarin mazaɓar Fomena a Ghana, zaɓen 2020, jam'iyyar NPP kujera 137 a majalisar ƙasa, jam'iyyar NDC 137, sai indifenda ɗaya daga Fomena ɗin, Andrew Asiamah Amoako, shi ya zama mai raba gardama har ya samu mataimakin kakakin majalisa na biyu. Amma nakan ƙara da cewa irin wannan sa'ar ba kullum take faɗowa ba, yawancin lokaci indifenda yana can kujerar baya yana roƙon a ba shi minti biyu. Amfanin gajeriyar ajanda a nan yake, duk ranar da wani ya zo neman ƙuri'ata a kan wani ƙuduri na riga na san me zan nema, su ma mutanen gida sun san me ya kamata in nema, in na dawo da sabuwar mota ba kwalbati kowa ya gane abin da ya faru.

Ban ci ba, na biyu na zo. Akwatunan ƙauyukan da muka zauna da su yawanci mun ɗauka, cikin gari inda jam'iyya ke da ejan a kowace rumfa da motocin kwasar mutane nan aka wuce mu, don haka duk mai shirin fitowa ya fara neman ejan tun kafin ya buga fosta, kuma ya karanta sharuɗɗan hukumar zaɓe na sa hannun masu goyon baya da ranar rufe karɓar takardu da kansa, kar ya bar wa yaro. Jerin famfunan nan da na mashigun ruwa na buga na kai ofishin wanda ya ci, na ba shugabannin gundumomi kowa kwafinsa, samarin kuma har yanzu suna sabunta shi a gurup ɗin WhatsApp duk wata. Kwalbati biyu daga ciki an fara zuba musu yashi da dutse, sauran shiru, zaman da zamu yi bayan girbi kuma a kan malaman makaranta ne da kwana nawa suke zuwa aji a sati.