Gambarar Bayan Fage: Yadda Kunnena Ya Saba da Baitoci Masu Nauyi

Akwai wani ɓangare na waƙar gambarar Amurka, wato hip hop, wanda ba a cika jin sa a gidajen rediyo ba, ba a kuma taka rawa da shi a wurin biki, kuma yawancin masu yin sa za su iya ratsa kasuwa ba tare da kowa ya waiwaye su ba. Su ne mawaƙan bayan fage. Wanda ya taso da waƙoƙi masu amshi, irin waɗanda ake haddacewa tun a ji na biyu, idan ya fara cin karo da su yakan ji kamar ya zauna a majalisar tsofaffin abokai ana tsakiyar hira, suna ta habaici da dariya a kan abubuwan da suka faru tun kafin zuwansa. Haka na ji su da farko, kuma na daɗe kafin kunnena ya gano inda ake kama zaren. Ban kuma kama shi ta hanyar ƙamus ba, duk da cewa Ingilishin nasu, wanda ya cakuɗe da karin harshen baƙaƙen fatar Amurka da zaurancen titunan New York, yana da wuyar gaske.

Wannan reshe ya yi ƙarfi ne a shekarun 1990, lokacin da manyan kamfanonin faifai suka gane cewa akwai kuɗi a gambara, suka kuma fara tace wa mawaƙa irin abin da zai sayu. Waɗanda ba su dace da wannan ma'auni ba suka nemi wasu ƙofofin. Shirin tsakar dare na Stretch Armstrong da Bobbito Garcia a tashar WKCR ta Jami'ar Columbia, wanda ya gudana daga 1990 zuwa 1998, ya zama dandalin da sababbin mawaƙa ke zuwa su gwada baitocinsu kai tsaye. Ƙananan kamfanoni suka biyo baya: Fondle 'Em na shi Bobbito, da Rawkus da Definitive Jux a New York, da Stones Throw a California, da Rhymesayers a Minneapolis. Muhimmancin wannan tarihi ga mai sauraro shi ne, mawaƙin da ba ya sa ran rediyo za ta saka waƙarsa ba shi da dalilin yin amshi, ko tsayawa a kan minti uku da rabi, ko sauƙaƙa magana domin kowa ya gane. Nauyin baitocin daga wannan 'yanci ya samo asali.

Wanda ya fara buɗe mini kunne shi ne MF DOOM, mai suna na yanka Daniel Dumile, wanda aka haifa a Landan a 1971 ya kuma girma a Long Island ta jihar New York. Ya fara waƙa yana matashi a ƙungiyar KMD tare da ƙanensa DJ Subroc. A 1993 mota ta buge ƙanen ya rasu, ba da jimawa ba kuma kamfanin Elektra ya ƙi fitar da kundinsu na biyu saboda zanen da ke bangonsa, ya sallame su. Dumile ya ɓace na wasu shekaru, sannan ya dawo da fuska a rufe, ya fitar da Operation: Doomsday a 1999, ya kuma ɗauki siffar mugun nan na littattafan zane, Doctor Doom, da takunkumin ƙarfe wanda bai ƙara bayyana a gaban jama'a ba tare da shi ba. Ya rasu a Ingila ranar 31 ga Oktoban 2020, amma sai a ranar ƙarshe ta wannan shekara iyalinsa suka sanar da duniya.

Kundin da aka fi saninsa da shi, Madvillainy, ya fito a 2004, shi da mai haɗa kiɗa Madlib suka yi shi. Waƙoƙi 22 ne cikin kimanin minti 46, da yawansu ba su kai minti biyu ba, kuma kusan dukkansu ba su da amshi. DOOM yakan shigo da muryarsa mai kauri kamar wanda bai daɗe da tashi daga barci ba, ya zuba baiti guda, ya fita, kafin mutum ya daidaita zama an riga an shiga wata waƙar. Abin da ya sauya mini yadda nake jin sa shi ne lokacin da na daina farautar ma'ana, na mayar da hankali kan sauti kawai. A rubutacciyar waƙarmu ta Hausa, amsa-amo yakan zauna a gaɓar ƙarshe ta ɗango, mai sauraro ya san inda zai jira shi. A wurin DOOM kuwa, jerin wasula huɗu ko biyar ne ke amsa wa wani jerin, kuma ba lalle sai a ƙarshen ɗango ba: yana iya dasa shi a farko, ya maimaita a tsakiya, ya tsallaka da shi cikin ɗango na gaba, har wani lokaci ɗango sukutum ya amsa wa ɗan'uwansa gaɓa da gaɓa. Mawaƙin gambara Rakim ne ya yi fice da sanya amsa-amo a tsakiyar ɗango tun a 1987, amma DOOM ya kai abin wani matsayi da kusan babu kalmar da ke zaune ba ta aiki. Ƙari a kan haka, yakan ɗan jinkirta a bayan bugun ganga, kamar mai jan ƙafa, ta yadda amsa-amon ke sauka inda kunne bai zata ba. Da na fara bin wannan saƙa, sai waƙoƙin suka yi mini daɗi tun kafin in fahimci rabin abin da ake faɗi, daɗin ne kuma ya riƙa mayar da ni gare su har ma'anar ta fara fitowa da kanta. A nan ne na gane cewa mutumin mai barkwanci ne ƙwarai, yana ambaton kansa kamar yana ba da labarin wani, yana kuma yi wa sauran mawaƙa zambo a kan son nuna fuska da sarƙar zinariya.

Ina da ra'ayi mai ɗan tsauri game da shafukan fashin baƙin waƙa irin su Genius, wanda aka kafa a 2009. Suna da amfani wurin sanin wane ne wani ɗan wasan ƙwallon kwando da aka ambata, ko wane shirin talabijin na yara ne na shekarun 1970 ake nufi, abubuwan da wanda bai girma a Amurka ba babu yadda zai sani. Amma masu sa kai ne ke rubuta yawancin bayanan, kuma sau da yawa hasashe ne ake gabatarwa da muryar tabbaci. Babbar illar ita ce, idan mutum ya fara da karatu, waƙar takan zame masa jarrabawa, idonsa na kan waya, kunnensa ya tafi hutu. Tsarin da ya fi yi mini aiki shi ne in saurara har sai kiɗan da karin sun zauna, sannan in karanta baitocin su kaɗai, bayanin wasu kuma ya zo a ƙarshe, in ma ya zama dole.

Duk wanda ya shiga wannan fage zai ji sunan Aesop Rock, kuma kusan kullum tare da wata ƙididdiga. A 2014 wani mai nazarin alƙaluma, Matt Daniels, ya ɗauki kalmomi 35,000 na farko daga waƙoƙin mawaƙan gambara da dama, ya ƙirga kalmomi daban-daban da kowannensu ya yi amfani da su. Aesop Rock ya zo na ɗaya da 7,392, yayin da adadin da aka samu a rubutun Shakespeare mai wannan tsawo ya tsaya a 5,170. Masoyansa suna yawan ɗaga wannan lamba kamar tuta, ni kuwa ban ga ta tabbatar da wani abu mai yawa ba, domin yawan kalmomi ba shi ne fasaha ba. Abin da ya sa nake komawa ga Labor Days, kundinsa na 2001, shi ne yadda yake jera hotuna. Mutumin ya karanci zane a Jami'ar Boston, kuma ana jin hakan a rubutunsa: ba ya cewa aikin albashi yana cinye rai, sai dai ya yi ta ajiye siffa a kan siffa har mai sauraro ya ji gajiyar a jikinsa. Duk da haka akwai waƙoƙinsa na farko-farko da har yau nake ganin cunkoson ya wuce kima, kuma a ganina The Impossible Kid na 2016, inda ya yi magana a fili game da 'yan'uwansa da halin da zuciyarsa ke ciki, ya fi su ƙarfi.

Hujjata mafi girma a kan cewa nauyi ba a manyan kalmomi yake ba ita ce Ka. Sunansa Kaseem Ryan, ɗan unguwar Brownsville ta Brooklyn, kuma aikinsa na yau da kullum kwana-kwana ne: ya yi shekaru a hukumar kashe gobara ta birnin New York har ya kai muƙamin kyaftin. Shi yake haɗa yawancin kiɗansa, shi yake fitar da kundayensa, har ma yakan tsaya a bakin titi ya sayar wa masoyansa hannu da hannu. Kalmominsa gajeru ne, waɗanda ɗan sakandare zai sani, muryarsa kuma ƙasa-ƙasa take kamar mai ba da shawara a keɓe. A waƙoƙinsa da yawa babu ganga sam, sai wani guntun sautin garaya irin ta Turawa ko fiyano da aka yanko daga tsohon faifai yana ta zagayawa. Wahalarsa ta wani fanni ce: kusan kowane ɗango yana da fuska biyu, kalma guda na ɗauke da ma'anar titi da ma'anar littafi a lokaci ɗaya, kuma ba ya ɗaga murya ya nuna maka cewa ya yi gwaninta, sai dai ya wuce abinsa. Kowane kundi yakan ɗora shi a kan wani tsohon ginshiƙi. The Night's Gambit na 2013 ya jingina da wasan dara na Turawa, Honor Killed the Samurai na 2016 da ƙa'idojin mayaƙan Japan na dā, Descendants of Cain na 2020 kuma da ƙissar Habila da Ƙabila, inda ya dubi yadda samarin unguwarsu suka riƙa kashe junansu a zamanin da hodar iblis ta mamaye birnin. Ba alfahari yake yi da wannan rayuwa ba, lissafin waɗanda ta cinye yake yi, da nauyin da ke kan wanda ya tsira. Ya rasu a Oktoban 2024 yana da shekara 52. Daga cikin duk waɗanda na ambata, shi ne wanda ba na iya saurara ina wani aikin, domin idan hankali ya kauce na daƙiƙa biyar an yi asarar ɗango biyu.

Da billy woods, wanda ke rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe yake kuma ɓoye fuskarsa a hotuna, lamarin ya ɗan juya. Mahaifinsa ɗan Zimbabuwe ne, mahaifiyarsa 'yar Jamaika kuma malamar adabi, ya kuma yi ƙuruciyarsa a Zimbabuwe a shekarun 1980, bayan samun 'yancin ƙasar. Kundinsa na 2012, History Will Absolve Me, hoton Robert Mugabe ne a bangonsa. Idan yana magana a kan 'yan gwagwarmayar da suka rikiɗe suka zama azzalumai, ko Turawan mulkin mallaka da suka tafi amma ba su tafi ba, ko kayan tarihin Afirka da ke jibge a gidajen adana kayan tarihi na Turai, kamar yadda ya yi a Aethiopes na 2022, mai sauraro ɗan Afirka ne ke da rinjaye a kan Ba'amurke. Abin da wancan zai je ya bincika, mu labarin gida ne. Wannan ya nuna mini cewa abin da ake kira wuya sau da yawa tazara ce kawai tsakanin abin da mawaƙi ya taso da shi da abin da mai sauraro ya taso da shi.

Ba duk abin da ya fito daga bayan fage ne ke da daraja ba. Akwai mawaƙa bila adadin da ke tara kalmomi masu gaɓoɓi da yawa domin amsa-amo ya yi ƙara, amma idan aka warware baitin ba a samun komai a ciki sai yabon kai. Akwai kuma wani girman kai da ke damuna a tsakanin masoya wannan fanni, na raina duk waƙar da jama'a ke so, alhali tsara amshin da miliyoyin mutane za su riƙe fasaha ce mai zaman kanta. Sannan ya kamata wanda zai shiga ya sani cewa akwai ashar da zancen ƙwaya da tashin hankali a yawancin waɗannan kundaye, ba kayan sakawa a mota da yara ba ne.

Idan aboki ya tambaye ni ta inda zai fara, ba na miƙa masa Madvillainy duk da sunan da ya yi. Nakan ce ya fara da Mm..Food, wanda DOOM ya fitar a ƙarshen 2004, domin kusan kowace waƙa an raɗa mata sunan abinci ko abin sha, kiɗan yana da haske, barkwancin kuma yana kusa da sama, mutum zai yi dariya tun bai gama gane dabarar ba. Daga nan ya wuce The Impossible Kid, inda labaran ke da kai da ƙafa, sannan billy woods. Ka nakan bar shi a ƙarshe, sai kunne ya saba da jiran ma'ana ta biyu ba tare da ganga tana riƙe da shi ba.