Abin da layin gahawa ya koya mini game da ofis

Duk wanda aiki ke yawo da shi ya san karin kumallo ne abincin da ya fi shan wahala. An sa taro ƙarfe takwas, otal ya yi nisa, ga ciki ba ya jin uzuri. Haka aka yi na saba da shagunan gahawa da donot na Dunkin' lokacin da ofishinmu na Jos ya tura mu horo a Boston, a Amurka. A can kusan kowace kwana akwai shagonsu, ba mamaki, domin a Quincy, nan kusa, William Rosenberg ya buɗe na farko a 1950. A 2019 suka cire Donuts daga sunan, saboda abin sha ya fi kawo musu ciniki.

Donot ɗin dai ɗan'uwan fanke ne, sai dai sukarin ya fi ƙarfin mai shekaruna, kuma kafin ƙarfe goma yunwa ta dawo. Na koma ƙwai da cuku a burodi, bayan na tambaya na tabbatar babu naman alade a ciki. Wannan tambayar kada kunya ta hana ka yin ta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake aiki a bayan kantar shagon. Yarinyar da ke karɓar oda ba ita ke haɗawa ba. Tana dannawa, takarda ta fito a manna a jikin kofi: girma kaza, madara kaza, sukari kaza. Wanda ya fara aiki jiya zai haɗa daidai da wanda ya shekara goma. Na shiga wani reshen a filin jirgi, ɗanɗanon bai canza ba, alhali yawancin shagunan ba na kamfanin ba ne, 'yan kasuwa ne suka sayi izinin amfani da sunan da tsarin.

Mai shayinmu na Terminus ya fi su sanin mutum, wannan ba gardama. Da ya hango ni cikin sanyin Disamba zai ce, "Yallaɓai, kamar kullum?" Amma ranar da ya tafi gida Sallah, yaronsa sai ya cika min madara. Ofishinmu ma haka yake tafiya. Hajiya ta sashen kuɗi ta tafi hutu, takardun alawus su kwanta sai ta dawo, domin komai a kanta yake.

Da muka dawo na roƙi kowa ya rubuta matakan aikinsa a shafi guda, a liƙa a bangon teburinsa. Wasu sun yi gunaguni, wai so nake a gane ana iya yi ba su. Hajiya ce ta fara kawo nata, har da lambar fayil da sunan fom ɗin da ake cikewa idan rasit ya ɓace.