Wayar ta mai jinya ce, ba ta Baba ba

Ƙannena, duk wanda tsohonsa ya fara mantuwa, ya karanta wannan kafin ya bi hanyar da na bi.

Mahaifinmu tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Sabon Garin Zariya, gidanmu kuma yana Tudun Wada. Abin ya fara da neman makullin da ke aljihunsa, har ya kai yana sallar azahar sau biyu. Muka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce sammu. Kusan shekara biyu muna rubutu da hayaƙi kafin mu kai shi asibitin koyarwa na Shika, inda aka gaya mana cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ake kira dementia, ba tsufa kawai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne, wanda ba a warkewa. Amma akwai masu kama da ita da ake magancewa, irin ƙarancin bitamin B12, don haka ku kai da wuri.

Daga asibiti sai na zarce na saya masa babbar waya, na cika ta da manhajoji, na saita ƙararrawar shan magani, ina ganin na sauke nauyi. Wata safiya ƙararrawa ta kaɗa, ya sha maganin hawan jini, ya manta. Ƙanwata ta tambaye shi, ya ce bai sha ba, ta ƙara masa. Da hantsi jiri ya kayar da shi a bakin rijiya, goshinsa ya fashe. Laifina ne. Mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta daina riƙe sabon abu na ɗora wa koyon sabon abu.

Yanzu magani yana kulle a hannun Inna, ƙararrawa a wayarta take. Muka buɗe zauren WhatsApp na mutum biyar kacal, masu jinya zalla. Duk wanda ya ba shi magani sai ya sanar nan take. Inna ba ta karanta boko, sai ta aiko saƙon murya: "Na ba shi na safe, ya sha koko, daren jiya bai yi barci ba." Ran asibiti daga nan muke tsamo wa likita bayani. Nan ne ma muka lura da ranar da ruɗewarsa ta tsananta dare ɗaya, ashe ciwon mafitsara ne. Sauyi na farat ɗaya irin wannan ba a kwana da shi a gida.

Kuskuren da har yau yake sosa mini rai shi ne gardama. Masu wannan cuta sukan fi rikicewa da yamma. Da an yi la'asar Baba zai fara cigiyar wansa da ya rasu shekaru da dama. Ni kuwa sai in ce, "Baba, ai ya rasu," har in buɗe masa hoton zaman makoki a waya. Sai ya dafe kai yana salati, hawaye na bin gemunsa, kamar yanzu aka aiko da rasuwar. Na sa shi wannan kukan ya fi sau goma kafin Inna ta ja ni gefe ta ce, "Kai ɗan nan, gaskiyar da ba za ta kwana a kansa ba, me ya sa kake dukansa da ita?" Yanzu cewa nake, "Baba, ba mu labarin ƙuruciyarku," ko in kunna masa karatu. Surorin da ya haddace a makarantar allo suna nan daram, yana bi baki da baki.

Ran da ya fice kuwa, wai zai tafi aiki, wayar da na dogara da ita tana kan tabarma. Ko da tana jikinsa, nuna inda mutum yake a WhatsApp ba ya wuce awa 8, kuma sai da caji da data. Wani mai keke ne ya tsince shi wajen PZ. Tun daga ranar muka ɗinka takarda mai lambarmu a aljihun kowace rigarsa, muka nuna wa ladan da masu shagunan layinmu halin da ake ciki. Amma don Allah kada ku ɗauki bidiyon tsohonku yana sambatu ku watsa, ko da a zauren dangi ne. Mutuncinsa amana ce a hannunku.

Sannan ku dubi mai jinya. Ina can Samaru ina tura "Ya jikin Baba?" alhali Inna ta yi watanni ba ta yi barcin kirki ba. Sai da na karanta iSupport, darussan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kyauta domin masu irin wannan jinya, na ga an ware babi guda kan kula da kai. Muka raba kwana a zauren. Talata da Juma'a nawa ne, a ɗakin Baba nake shimfiɗa, Inna ta rufe ƙofarta ta kwanta.