Na nemi kujerar alƙali da ƙuri'a a Pensilbaniya

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu ta waya cewa zan tsaya takarar alƙali, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, alƙali ma ana yi masa kamfe? Ai naɗa shi ake yi." A Katsina tana da gaskiya. Amma a jihar Pensilbaniya ta Amurka, inda na yi shekara 16, jama'a ne ke zaɓen alƙali, har da na ƙaramar kotun gunduma, kuma wannan kujerar na nema a 2023.

Ƙaramar kotu ce, amma ita ce talaka ya fi sani. Nan ake kai rigimar mai gida da ɗan haya, da laifin tuƙi, da bashin da bai wuce dala 12,000 ba, nan kuma ake fara gurfanar da wanda 'yan sanda suka kama a yanke masa beli. Wa'adin shekara 6 ne. Ba dole sai lauya ba, amma wanda ba lauya ba sai ya yi kwas na mako 4 ya ci jarrabawa kafin ya hau kujerar. Ni tafinta ne, Hausa da Faransanci. Na sha tsayawa kusa da mace mai goyo ana yanke mata hukuncin tashi daga gida, ta fita ba ta san tana da kwana 10 na ɗaukaka ƙara ba, don an faɗa da sauri, ita kuma hankalinta ya riga ya tashi. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har na shiga takara.

Matakin farko shi ne sa hannun mutum 100 masu rajistar jam'iyya a cikin gundumar, kuma mako uku kacal ake bayarwa, daga 14 ga Fabrairu zuwa 7 ga Maris. Doka ta yarda ɗan takarar wannan kujera ya shiga zaɓen fitar da gwani na Dimokurat da na Rifablikan lokaci guda, sai dai kowace jam'iyya da nata ɗarin. Sanyi ya kai biro yana ƙin rubutu, sai na riƙa sa shi cikin safar hannu ya ɗumama kafin in miƙa wa mai gida. A nan na yi kuskuren da ya fi yi mini ciwo. Na dogara da masallacinmu, na ajiye tebur bayan Juma'a, mutane suka yi ta sa hannu da farin ciki. Da muka zauna da kundin masu zaɓe, sai ga shi da yawa ba su da rajistar kowace jam'iyya, wasu gidansu na wajen gundumar, wasu ma ba su kai ga zama 'yan ƙasa ba. Duk wannan sa hannun bai ƙirgu ba. Da ƙyar na cike na Dimokurat, na Rifablikan kuwa ban kai ba. Wadda muka kara da ita ta shiga duka biyun.

Abin da ya fi wuya shi ne bakin ƙofa. Ɗan siyasa yana iya cewa zai gyara titi. Mai neman alƙalanci dokar ɗa'a ta hana shi alkawarin yadda zai yanke hukunci, ta kuma hana shi roƙon kuɗi da bakinsa, sai dai kwamitin kamfe ya nema. Wata dattijuwa mai gidajen haya biyu ta tsare ni a barandarta, tana riƙe da takardata, ta ce, "Idan ɗan hayana ya yi wata uku bai biya ba, za ka fitar mini da shi ko a'a?" Na ce zan saurare ta, in saurare shi, in bi abin da doka ta ce. Ta mayar mini da takardar, ta rufe ƙofa. Azumi ne lokacin, maƙogwarona a bushe, na tsaya a kan matakala ina tuna hadisin alƙalai uku da Hajiya ta karanto mini, biyu a wuta ɗaya a Aljanna. Ko yau aka sake tambayata, amsar da zan bayar ke nan.

An yi zaɓen fitar da gwanin ranar 16 ga Mayu. Zaɓen shekarar da ba ta shugaban ƙasa ba ce, mutane kaɗan ke fitowa, yawancinsu tsofaffi da suka san juna shekara da shekaru. Ni kuwa na ɓata makonni ina buga kowace ƙofa a layi, alhali ofishin zaɓe na gundumar yana da jerin waɗanda suka saba fitowa, da shi ya kamata in fara. Abokiyar takarata ta lashe jam'iyyun biyu, don haka magana ta ƙare tun kafin babban zaɓen Nuwamba.

Na koma aikina na tafinta, wani lokaci a gabanta. Na roƙe ta a riƙa maimaita maganar kwana 10 a hankali idan akwai tafinta, ta amince. Teburin nan kuma yana nan bayan Juma'a, yanzu fom ɗin rajistar zaɓe ne a kansa, ina nuna wa mutane gurbin da ake zaɓar jam'iyya. Kujerar za ta sake fitowa a 2029.