Ɗumame, ƙanzo da ragowar shinkafa: yadda nake yi a gidana

A Katsina, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40, abincin da ya kwana a tukunya kuwa ba lalle ya kai safe da lafiyarsa ba. Shi ya sa nake fara aikin ragowar abinci tun kafin a wanke kwanuka. A Yohanna sura 6, bayan Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage don kada kome ya lalace, har suka cika kwando 12. A nan wurin aka tattara, ba a bari sai gobe ba, ni ma haka nake bi.

Tuwon masara ko na dawa ba shi da wuyar sha'ani. Nakan kwance malmalar daga leda ta sha iska, domin gumin da ke taruwa a ledar shi ke sa tuwo yauƙi da tsami. Da safe in yanka shi gida huɗu, in sa a tukunya da ruwa kamar rabin kofi, in rufe a kan wuta kaɗan na minti goma, har tururi ya ratsa tsakiyarsa. Miyar kuka kuwa tun da dare nake sake tafasa ta, in rufe, kada kowa ya ƙara tsoma ludayi.

Shinkafa ce abin tsoro. Akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe ta, in shinkafar ta daɗe da ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba, ɗumamawa kuma ba ta kawar da gubar. Sau da yawa ko wari ba za a ji ba. Don haka nakan baza ta a faranti ta huce da wuri, ta shiga firji kafin awa biyu. In fara ce, ba mai ba miya, waina ta samu: kofi biyu na shinkafar tuwo da aka jiƙa ta kwana, rabin kofi na dafaffiyar, a niƙa tare, a sa yis ƙaramin cokali ɗaya da ɗan sukari, a rufe har ƙullun ya tashi. Dafaffiyar ce ke ba wainar laushi, amma in ta yi yawa sai ƙullun ya manne a tanda ya ƙi juyuwa. Dafa-duka ba ta shiga ƙullu.

In babu wutar lantarki, sai rana. Ƙanzon tukunya nakan kankare shi in shanya a faifai, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, sai ya bushe ƙarau har yana karyewa. Wanda aka ɗauke da sauran danshi fumfuna zai yi a buhu. Ranar kwaɗo a jiƙa shi ya yi laushi, a tsane, a haɗa da garin ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, yaji, gishiri da man gyaɗa cokali biyu. Wanda ya ƙone ya yi baƙi ɗaci gare shi, na kaji ne.

Sai dai tattali daban, ɓoyo daban. A Littafin Fitowa sura 16, Isra'ilawan da suka ajiye manna, abincin da Allah ya saukar musu a jeji, har safe sun tarar ta yi tsutsa tana wari, in ban da ta rana ta shida da aka tanada domin Asabar, ranar hutunsu. Ni ma nakan ƙara hannu ranar Asabar don mu ci ɗumame mu fita sujada da wuri ranar Lahadi. Amma wake da alala ba sa jure kwana a bazara. In sun ragu kuma firji ba sanyi, a daren nake aika wa maƙwabta ko in ba almajirin da ya zo ƙofa tun da ɗuminsu. Masu jira sai abinci ya fara tsami kafin su kira yaro, wannan ba kyauta ba ce, ciwon ciki suka ba ɗan wani.